Filin Lafiyar Zuciya: Tambayoyinku kan magungunan buɗe jijiyoyin jini

Saƙonnin da suka iso mana a wannan wata daga Damagaram da kewayenta, mafi yawansu a kan dangin magani guda suke, wato masu buɗe jijiyoyin jini. Jijiyar jini ba bututun ƙarfe ba ce. A bangonta akwai tsoka siririya mai tsukewa da sakewa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu ya san in aka danne bakin tiyo ruwa zai fita da ƙarfi, inji kuma ya ƙara nishi. Haka zuciya take shan wuya in jijiyoyi suka tsuke.

Jijiyoyin iri biyu ne: masu fitar da jini daga zuciya zuwa jiki, da masu maido da shi. Amlodifin, nifedifin, nikardifin da hidiralazin masu fitarwar suke saki, sai awon jini ya sauka. Dangin nitirat sun fi sakin masu maidowa, sai jini ya ɗan dakata a ciki da ƙafafu, kayan da ke komowa zuciya su ragu. Kaftofiril da losartan suna taɓa duka biyun. A nan za mu riƙa faɗin awo yadda ake faɗinsa a asibitocinmu: 14 da 9 shi ne 140/90.

Tambaya daga wani dattijo ɗan shekara 68, unguwar Birni: In na yi tafiya mai ɗan nisa ƙirjina yana ɗaurewa kamar an aza dutse. Likita ya ba ni Risordan 5 in sa a ƙarƙashin harshe, da wata ƙwaya ta haɗiya sau biyu a rana. Amma kaina yana sarawa in na sha. Shin maganin bai karɓe ni ba ne? Kuma na ƙarƙashin harshen yana karya azumi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Wannan ciwon kai alama ce maganin ya shiga jini yana aikinsa. Yadda yake sakin jijiyoyin jiki haka yake sakin na kai, shi ne sarawar da kuke ji. Yawanci tana raguwa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Farasitamol miligiram 500 zuwa 1,000 ya isa. Kada ku sha dikulofenak ko ibufurofen, domin suna tada awon jini kuma suna wahalar da ƙoda.

Ainihin sunan Risordan ɗin naku isosorbid, na dangin nitirat ne, ɗan'uwan nitirogilisarin, wanda a kwalayen Faransa ake rubutawa trinitrine. Tsohon magani ne: tun 1879 wani likita a Landan, William Murrell, ya bayyana amfanin nitirogilisarin ga ciwon ƙirji, kuma har yau ana amfani da shi don kwantar da wannan ciwo da sauri.

Ga yadda za ku yi in ciwon ya taso. Ku tsaya da abin da kuke yi, ku zauna, ko da a bakin hanya ne. Kada ku sa ƙwayar kuna tsaye, domin jini zai gangara ƙafafu, jiri ya kwashe ku. Ku sa guda ɗaya a ƙarƙashin harshe, ku bar ta ta narke, ba taunawa ba haɗiyewa. Cikin minti biyu zuwa biyar ya kamata ƙirjin ya saki. In minti biyar sun cika bai saki ba, ku sa ta biyu, a lokacin kuma a fara neman abin hawa zuwa asibiti. Kada ku wuce uku. Ciwon da ya haura minti goma sha biyar duk da magani, musamman in da zufa mai sanyi ko amai, ana ɗaukarsa jijiyar zuciya ce ta toshe har sai gwaji ya nuna ba haka ba. A nan a tauna asfirin miligiram 300, in ba ku da gyambon ciki mai zubar jini ko rashin jituwa da shi, a wuce Babban Asibitin Ƙasa kai tsaye. Kada ku tuƙa kanku. In akwai na'urar awo a gida kuma lambar sama ta gaza 9, kada ku sa ƙwayar ko ɗaya.

Akwai dabarar da marasa lafiya da yawa ba a faɗa musu ba: in kun san tafiya masallacin Juma'a ce ke tada ciwon, ku zauna ku sa ƙwaya ɗaya minti biyar kafin fita.

Ƙwayar haɗiyar, in ita ma nitirat ce, tana da nata sharaɗin. Jiki yana sabawa da nitirat in ya wuni ya kwana da shi a jini, cikin ƴan kwanaki sai ya daina ji. Shi ya sa ba a raba shansa daidai safe da dare. Ana shan na farko wajen ƙarfe takwas na safe, na biyu wajen ƙarfe biyu na rana, a bar jiki ya huta sa'o'i goma zuwa goma sha huɗu. Wanda aka ba filastar mannawa a ƙirji, ya cire ta da dare bayan sa'o'i goma sha biyu. Mun fi ganin wannan kuskure wurin masu kiyaye magani da kyau, waɗanda ke cewa tun da sau biyu ne, to asuba da isha'i.

Ajiya kuma, a garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ba ƙaramin abu ba ne. Ƙwayar nitirogilisarin tana hucewa kamar turare: a bar ta a kwalbarta ta gilashi, a rufe da kyau, a sauya ta makonni takwas bayan buɗewa. Risordan da na feshi irin Natispray sun fi juriya, amma su ma ba a barinsu cikin mota ko ƙarƙashin sirdin babur.

Batun azumi: Majalisar Fiƙihun Musulunci ta duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa ƙwayar ƙarƙashin harshe ta ciwon ƙirji ba ta karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya narke ba. Ta haɗiyar kuwa, ku je wurin likitanku kafin watan ya kama, ya gyara muku lokutanta, ya kuma duba ko jikinku zai ɗauki azumin.

Tambaya daga wata mai karatu, Garin Malam: Mahaifiyata tana shan Amlor 10 wata huɗu ke nan. Awonta ya dawo 13 da 8, amma ƙafafunta suna kumbura da yamma. Maƙwabciya ta ce ƙoda ce, mu sayi Lasilix.

Amsa: Ƴar'uwa, kada ku saya. Amlor amlodifin ne, kuma kumburinsa ba ruwa ne ya yi wa jiki yawa ba. Maganin ya buɗe ƙananan jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, amma bai buɗe masu maidowa daidai da haka ba, sai ruwa ya tsattsafo cikin nama a idon sawu. Alamarsa: ƙafa biyu ne, yana ƙaruwa da yamma da lokacin zafi, yana sacewa da safe, kuma ba haki. Lasilix, maganin sa fitsari, zai zubar da ruwan jini da gishirin fotasiyam, ya bar Inna da jiri da kasala, ƙafar kuma tana nan yadda take.

Abin da likita kan yi shi ne ya sauko da amlodifin zuwa miligiram 5, ya ƙara wani kamar losartan ko ferindofiril, masu buɗe ɓangaren maidowa, sai kumburin ya ragu awon kuma bai tashi ba. Ba ma son a watsar da amlodifin cikin gaggawa, domin yana daga cikin waɗanda suka fi yi wa baƙar fata aiki. Wani bincike mai suna CREOLE, da aka wallafa a 2019 kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ciki har da Najeriya da Kamaru, ya nuna haɗin da ke da amlodifin ya fi wanda ba shi da shi saukar da awo. Ƙwaya ɗaya kuma tana riƙe jiki yini da kwana, abin da ke sauƙaƙa shi a watan azumi.

Ku kai ta asibiti a ranar in kumburin ƙafa ɗaya ne da zafi, ko ya hau har cinya, ko tana kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku, ko fuska na kumbura da safe. Ku duba dasashinta ma, wani lokaci maganin yana sa shi ya yi kauri. Sannan a bazara ta riƙa tashi a hankali: ta zauna bakin gado minti ɗaya kafin ta miƙe, haka in za ta ɗago daga sujada.

Tambaya daga wani matashi, Mirriya: An auna mahaifinmu aka samu 20 da 12, alhali ba abin da ke damunsa. A wani ƙaramin wurin shan magani aka huda wata ƙwaya mai ruwa aka matsa masa a ƙarƙashin harshe. Bayan rabin sa'a awon ya koma 12 da 7, muka yi murna. Da safe hannunsa da ƙafarsa na dama suka mutu. Akwai alaƙa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Hukuncin abin da ya same shi na likitan da ya duba shi ne tare da hoton ƙwaƙwalwa, domin awon 20 da 12 shi kaɗai ma yana iya shanye ɓarin jiki. Amma abin da aka yi masa hanya ce da likitocin zuciya suka daɗe da hanawa, kuma muna roƙon duk ma'aikacin lafiya da ke karanta wannan fili ya bar ta.

Ƙwayar da ka kwatanta nifedifin ce mai saurin aiki, miligiram 10. Ƙwaƙwalwar mutumin da ya yi shekaru da hawan jini ta saba da wannan matsi, jijiyoyinta sun yi kauri sun ƙuntata. In aka faɗo da awo daga 20 zuwa 12 cikin rabin sa'a, jinin ba ya iya ratsa waɗannan ƙuntatattun hanyoyi, sai wani sashe na ƙwaƙwalwa ko na zuciya ya rasa rabonsa. Zuciya kuma tana ramawa da bugu da sauri, ta ƙara wa kanta aiki. Da zarar ƙwayar ta shiga, ba mai iya dawo da ita.

Ƙa'idar ita ce a duba mutum kafin a duba lamba. In awo ya hau sosai amma ba ciwon ƙirji, ba haki, ba ruɗewa, ba dishin gani, ba mutuwar gaɓa, a zaunar da shi ya huta minti talatin, a sake aunawa a hannu biyu, a sa shi kan ƙwayoyin yau da kullum, ya dawo cikin ƴan kwanaki. Saukar da ake so ta kwanaki ce. In kuwa akwai ɗaya daga waɗannan alamu, aikin babban asibiti ne: a sa nikardifin, wato Loxen, ta jijiya a hankali, ana awo kowane ƴan mintoci, kuma a sa'ar farko ba a sauke fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wanda jijiyar ƙwaƙwalwarsa ta riga ta toshe, galibi ba a ma taɓa awonsa a rana ta farko sai ya haura 22 da 12.

Ƙwayoyin da aka rubuta LP a kwalinsu, irin Loxen LP 50, an yi su ne su saki magani sannu a hankali. In aka daka su ko aka tauna, sun koma masu saurin nan.

Tambaya daga wani magidanci da ya nemi a sakaya unguwarsa: Ina shan maganin ciwon ƙirji kullum. Ina da rauni wajen iyali. Zan iya shan maganin ƙarfin maza?

Amsa: Malam, mun gode da ka tambaya kafin ka sha. In maganin ƙirjinka nitirat ne, ko na haɗiya ko na harshe ko na feshi, amsar ita ce a'a. Sildenafil, wato Viagra, da tadalafil, wato Cialis, su ma masu buɗe jijiya ne. Sildenafil ma don ciwon ƙirji aka fara gwada shi kafin a amince da shi don maza a 1998. Nitirat yana ƙara wani sinadari da ke sakin tsokar jijiya, su kuma waɗannan suna hana jiki rushe sinadarin. Ɗaya na zuba ruwa, ɗaya ya toshe magudana. Awo na iya faɗuwa warwas, mutum ya suma, zuciyar da dama jini bai ishe ta ba ta tsaya.

Wanda ya sha sildenafil ba a ba shi nitirat sai bayan sa'o'i 24, tadalafil kuwa 48. Don haka duk wanda ciwon ƙirji ya kama bayan ya sha irin wannan, ya faɗa wa likita gaskiya tun a bakin ƙofa, kunya ba ta da wuri a nan. Ka yi hattara da zuma, kofi, shayi da garin da ake talla da sunan na gargajiya. Hukumomin magani a ƙasashe da dama sun sha gano sildenafil a ɓoye cikinsu, ba a san ko miligiram nawa ba.

Ka koma wurin likitanka. Sau da yawa ana iya sauya nitirat na kullum da wani maganin, in zuciyar ta daidaita a duba ko za a fara maka da miligiram 25. A auna maka sukari ma, domin raunin da ka faɗa yakan zama alamar jijiyoyi ne suka fara ƙuntata.

Tambaya daga wani malamin makaranta, Tanut: Tun da na fara kaftofiril nake busasshen tari. An gwada majina ba tarin fuka.

Amsa: Malam, maganin ne ake fara zargi, ko da yake ƙurar hunturu kan ruɗa lissafi. Kaftofiril da enalafiril suna tara wani sinadari a maƙogwaro mai sa ƙaiƙayi. Maganin tari ba ya kashe shi. A sauya maka zuwa losartan miligiram 50, tarin zai tafi cikin mako ɗaya zuwa huɗu, wani lokaci ya ɗan fi haka. A gwada ƙoda da fotasiyam mako ɗaya zuwa biyu bayan sauyin. Ranar da gudawa ko amai suka kama ka sosai, ka dakatar da shi har ka koma ci da sha. In leɓe ko harshe ya kumbura, wannan na gaggawa ne, kuma ya fi samun baƙar fata: asibiti nan take, kada ka sake shan dangin kaftofiril har abada.

Tambaya daga wata Hajiya, Magarya: Ƴata tana da cikin wata takwas, tana haki, an ce zuciyarta ta yi rauni. An ba ta hidiralazin da isosorbid. Mahaifinta mai irin ciwon enalafiril yake sha, ya ce nasa ya fi, ta sha nasa. Kuma in ta haihu za mu yi mata wankan jego da kunun kanwa kamar yadda aka saba?

Amsa: Hajiya, Allah ya raba lafiya. Kada ta taɓa maganin mahaifinta. Enalafiril, kaftofiril da losartan suna lalata ƙodar ɗan tayi, su ƙafar da ruwan mahaifa. Likitan ya zaɓi daidai. Hidiralazin yana buɗe hanyar gaba don zuciya mai rauni ta tura jini ba da wahala ba, isosorbid kuma yana rage abin da ke dawo mata, sai ruwan huhu ya ja baya. Wannan haɗi ba na maneji ba ne: a 2004 wani bincike a Amurka kan baƙar fata 1,050 masu gazawar zuciya ya nuna ƙara shi kan magungunansu ya rage mace-mace da kashi 43 cikin ɗari. Ana farawa da kaɗan, sau uku a rana, a ƙara a hankali. Ciwon kai, bugun zuciya da jiri ne abin da za ku lura da su. Bayan haihuwa likita na iya mayar da ita kan enalafiril, yana tafiya da shayarwa.

Ta haihu a asibitin da ke da likitan mata da kayan aiki, irin Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Damagaram, kuma ku matso kusa tun kafin naƙuda. In awonta ya kai 16 da 11, ko ta ji ciwon kai mai tsanani da walƙiya a ido, ku tafi a daren, jijjiga ake gudu.

Kunun kanwa kuwa, muna roƙonku da girman Allah ku ɗauke mata shi. A wurin jiki kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa, zuciyar da ke fama kuma ba ta iya ɗaukar ƙari. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya ga masu jego da ke shan kanwa da kwanciya kan gado mai wuta. Ba al'adar kaɗai ke kawo ciwon ba, amma ga wadda ta riga ta kamu tana tsananta shi. Ruwa mai tsananin zafi ma yana buɗe jijiyoyin fata, ya haɗu da maganin da ke buɗe na ciki, ta faɗi a makewayi. A yi mata wanka da ruwa mai ɗumi, tana zaune, wani na kusa. A yi kunun ba kanwa, a rage gishiri da dunƙulen magi a miya. Abin da ake so gishirin yini duka kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi. Kafin ta sake ɗaukar ciki, sai an sake hoton zuciya an ga ta murmure.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Dole: Ina da ciwon sukari, ina shan taba. In na yi tafiya kaɗan sha-raɓata tana ƙullewa, in na tsaya ta saki. Wane maganin buɗe jijiya zan saya?

Amsa: Alhaji, a nan ne waɗannan magunguna suka fi ba da kunya. Jijiyar ƙafarka ba tsukewa ta yi ba, kitse da ƙanzo ne suka cushe ta har bangonta ya sandare, magani kuwa lafiyayyar jijiya yake iya saki. Wani daga cikinsu, buflomedil, an janye shi daga kasuwar Faransa a 2011 saboda haɗarinsa ga zuciya da ƙwaƙwalwa ya fi amfaninsa. In ka gan shi a tiren mai talla, ka wuce. Silostazol, miligiram 100 sau biyu a rana, yana ɗan ƙara nisan tafiya, amma haramun ne ga mai gazawar zuciya, don haka sai likita ya duba ka.

Abin da ya fi kowace ƙwaya aiki shi ne barin taba gaba ɗaya, da tafiya bisa tsari. Ka yi tafiya har ciwon ya kama sosai, ka tsaya ya saki, ka ci gaba, har jimillar minti talatin zuwa arba'in da biyar, sau uku a mako, wata uku a jere. Wannan ne ke sa ƙananan jijiyoyin gefe su ƙara ɗaukar jini, tsoka kuma ta koyi aiki da ɗan abin da take samu. Likita zai ƙara maka maganin rage kitsen jini da asfirin ƙarami, saboda abin da ya cushe jijiyar ƙafa yana nan a ta zuciya da ta wuya. Kowane dare ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, kada ka taka ƙasa mai zafi ba takalmi, kada ka gasa ƙafa a wuta lokacin ɗari. In ciwon ya fara tashinka daga barci, ko yatsa ya yi sanyi ya sauya launi, ko miki ya yi mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, ka je sashen tiyata a wannan makon.